Yadda Ake Fitar da Gishirin Teku daga Jirgin Ruwa da Injinsa Kafin a Saka Shi a Dam

Da yawa daga cikin jiragen fayiba da injinan hannu da ake kawo mana nan Gombe daga Kudu suke fitowa: Legas, Warri, Fatakwal, Kalaba. A can suka yi aiki, ko dai a teku ko a bakin kogunan da ruwan teku ke shiga. Mai saye yakan ga fenti yana ƙyalli, a tayar masa da injin ya ji ƙara, ya biya, a ɗora a mota. Da an sauke a Dadin Kowa ko Balanga sai ya ce ai ruwan dam zai wanke komai. Ruwan dam yana wanke abin da ya taɓa ne kawai. Gishirin da ya daskare a hanyoyin ruwa na cikin inji, da wanda ya shige zaren noti, da wanda ke kwance ƙarƙashin daɓen jirgi, yana nan yana cin ƙarfe.

Abin da ya kamata ka sani game da gishirin kaɗan ne. Kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, wato jarka mai lita 25 in ta ƙafe za ta bar maka giram 875, kusan kilo guda. Ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya ƙafewa. Sannan gishirin teku yana jawo laima daga iska, kamar yadda na kicin ke jiƙewa a cikin kwano a watan Agusta ba wanda ya zuba masa ruwa. Shi ya sa jirgin da aka kawo da hunturu yakan yi shiru kamar lafiyarsa lau, sai damina ta kankama ka ga tsatsa da farin gari suna fitowa ta ko'ina. Ruwan daɗi mai yawa shi ne ainihin maganin; sabulu da tsami mataimaka ne kawai.

Kayan da za ka tanada

Ruwa shi ne kan gaba. Ga ƙaramin jirgi da injinsa ka tanadi duro uku ko huɗu masu lita 200. Na famfo, na bohol ko na dam duk za su yi, muddin ba laka a ciki. Ruwan rijiya mai zartsi kada ka kusance shi, domin gishiri za ka ƙara. In damina ce, tari ruwan sama ka ajiye don ɗauraya ta ƙarshe, babu wanda ya kai shi.

Sai tiyo da abin tura ruwa. Ƙaramin injin ban ruwa irin na 'yan noman rani ya wadatar, in ka rage masa wuta. In babu, bokiti da moɗa ma suna yi, aikin ne zai ƙara tsawo.

Sauran kayan su ne: duro ɗaya da aka yanke bakinsa don tsoma ƙafar inji, sabulun ruwa na wanke mota ko na wanke kwanuka, soso mai laushi, burushin roba da tsohon burushin haƙori, tsummokara masu tsabta, ruwan khal fari, ko garin tsamin nan da masu haɗa lemo ke saya wajen 'yan kemikal, bekin soda, man feshi mai kwance noti irin WD-40, giris mai jure ruwa, man giya mai lamba 90, basilin, sifanu, soket, sukundireba da filaya, abin kankara na roba ko na katako, safar hannu da takunkumi. In za ka samu, ka sayi sabuwar imfela, wato robar famfon ruwa, da gasket na murfin tamostat (ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama) da wasar notin man giya tun kafin ka fara. Ka tafi da lambar injin da ke jikin farantin maƙalarsa, kada ka saya da ka.

Abubuwa huɗu kada su zo wurin aikin: sodar yin sabulu, ruwan kanwa, ruwan batir da soson ƙarfe. Soda da kanwa suna cin alminiyon, kuma jikin injin jirgi kusan duka alminiyon ne. Ruwan batir zai huda maka hanyoyin ruwa. Soson ƙarfe yana barin ɓurɓushi da ke tsatsa a kan fenti. Haka nan kada ka taɓa haɗa bilic da ruwan khal, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

1. Zaɓi wuri da lokaci

Yi aikin a tudu, nesa da bakin dam da gonakin mutane. Ruwan da zai fito yana ɗauke da gishiri, mai da sabulu. Gishirin yana ƙona shuka, man kuma yana cutar da kifin da masunta ke ci da shi. Haƙa ɗan rami ruwan ya taru a ciki. Akwai wani dalili kuma: ruwan Legas cike yake da ciyawar nan mai kama da kainuwa mai shuɗin fure, wadda ke toshe hanyar jirage, kuma guntunta ko irinta na iya maƙalewa a tirela ko a igiya. Ba ma son ta a ruwanmu.

Fara da sassafe ko ka nemi inuwa. A rana irin ta Gombe sabulu yana bushewa a jikin jirgi kafin ka ɗauraye, ya bar zane.

2. Kwashe komai, ka buɗe magudana

Fitar da tankin mai, batir, igiyoyi, anga, rigunan kariya, tamfol, katakon zama da duk abin da ke ɗaguwa. Wajen cire batir fara kwance wayar baƙi, sannan ja. Ɗaga goshin jirgin da katako ko tsohuwar taya yadda bayansa zai yi ƙasa, ka cire toshiyar magudana. Sau da yawa za ka ga ruwa mai wari yana tsiyayowa, alhali daɓen sama a bushe yake. Wannan ruwan teku ne da ya biyo jirgin tun daga Kudu.

Igiyoyi da riguna ka jefa su cikin duron ruwa yanzu, su jiƙa kana wani aikin.

3. Jiƙa tukuna, kada ka fara da gogewa

Kuskuren da masu wankin mota kan yi in aka ba su jirgi shi ne su sa soso kan busasshen gishiri. Ƙwayar gishiri tana da kaifi, tana karce santsin fayiba, kuma karcen nan shi ne wurin da datti zai riƙa zama har abada. Zuba ruwa ko'ina daga sama zuwa ƙasa, ka bar shi minti goma, ka sake zubawa. Kada ka matsa ruwa mai ƙarfi a kan wayoyi, makunni ko bakin sil, zai tura gishirin ciki ne maimakon ya fitar da shi.

Bayan haka ka haɗa sabulu kaɗan a bokiti, ka wanke gefe-gefe, kana ɗauraye kowane yanki kafin ka wuce gaba. Burushin haƙori na lungu ne: gindin ƙarfen ɗaure igiya, hinjin akwati, ƙarƙashin robar da ta zagaye bakin jirgi, kan kowane sukuru. In ka ga farin tabo ya ƙi fita, jiƙa tsumma da ruwan khal kashi ɗaya, ruwa kashi uku, ka shimfiɗa a wurin minti biyar, ka goge, ka ɗauraye sosai.

Cikin jirgin kuma, mayar da toshiya, ka zuba ruwa ya kai kamar tsawon yatsa, ka girgiza jirgin, ka bar shi rabin awa, ka sake. Yi haka sau uku. Kada ka cika jirgi da ruwa yana kan tirela ko kan katako. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, duro biyu sun kai kilo 400, kuma nauyin nan yana iya tsaga ƙasan jirgin.

A ƙasan jirgi daga waje za ka iya samun wasu ƙananan halittu masu ɓawo mai tauri sun manne. Kankare su da roba ko katako, da safar hannu, don suna yanka. Gindinsu da ya rage ruwan khal yana tausasa shi. In ƙasan yana da jan fenti ko shuɗi mai gari-gari, fentin hana waɗannan halittu ne, akwai guba a cikinsa. Kada ka goge shi a bushe da samfefa, kada yaro ya yi wasa da ruwansa.

In kwale-kwalen katako ne, gishiri ba ya ruɓar da itace, ƙusoshi da kwanon da aka yi faci da shi yake ci. Duba kowace ƙusa da ta yi jan hawaye a jikin katako ka canza ta. Kuma kada ka bar katako ya daɗe a tudu da hunturu, zai tsattsage; wanke, gyara, mayar ruwa.

4. Injin daga ciki

Nan ne kuɗinka yake, nan kuma gishiri ya fi ɓarna, don haka a nan za mu daɗe.

Injin jirgi ba shi da lagireto. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai shi yake zuƙa ta wasu ƙananan ramuka a ƙasan ƙafarsa, imfela ta tura shi sama ta bututu, ya zagaya kan silinda, ya fita tare da hayaƙi. Kaɗan daga ciki yana fitowa ta wani siririn rami a gefe, wanda muke ce wa fitsarin inji. Ke nan injin da ya yi shekaru a teku, ruwan gishiri ya bi ta cikinsa yana zafi yana ƙafewa, yana barin ɓawo a bangon hanyoyin. Ɓawon yana ƙuntata hanya, injin ya riƙa zafi, wata rana fistin ya kama a tsakiyar dam da mutane a ciki.

Doka ta farko: kada a tayar da injin nan ba ruwa, ko na daƙiƙa kaɗan. Imfela roba ce, ruwa ne man ta. An taɓa kawo mini inji ƙirar Enduro mai doki 40 da mai shi ke ta yabo, yana cewa a gabansa aka ja igiya ya tashi bugu ɗaya. Na ce, “Alhaji, a cikin ruwa aka tayar ko a ƙasa?” Ya ce a ƙasa, a kan benci. Da muka sauke ƙafar, fukafukan imfela biyu sun guntule, sauran sun lanƙwashe sun yi baƙi, guntayen kuma sun haura cikin bututu, sai da muka bi su da waya ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda za ka yi. Maƙala injin a kan katako mai ƙarfi ko a bayan jirgin, ƙafarsa a cikin duron da ka yanke. Cire farfela tukuna don tsaro: cire fulogi ko ka zare maƙallin kashe inji, ka sa katako tsakanin farfela da farantin da ke samanta, ka miƙe fin, ka kwance noti. Cika duron har ruwa ya haura wannan faranti da kamar faɗin tafin hannu, yadda famfon ruwan zai nutse. Tabbatar giya tana firi. Mayar da fulogin ko maƙallin da ka cire, ka tayar da injin ka bar shi a silo, kada ka ba shi wuta. Cikin daƙiƙa kaɗan fitsari ya kamata ya fito da ƙarfi. In bai fito ba, kashe nan take, ka zura siririyar waya ko zaren kamun kifi mai kauri a ramin, domin sau da yawa gishiri ne ko gidan zanzaro ya toshe bakin. In ka sake tayarwa bai fito ba, kada ka matsa. Imfela ce ko bututu, sai an buɗe.

In ya fito, bar shi ya yi aiki minti 15. Dalilin daɗewar shi ne tamostat ba ya buɗewa sai injin ya ɗumama, kuma kafin ya buɗe ruwa ba ya ratsa ko'ina. Riƙa taɓa fitsarin: ɗumi daidai ne, zafin da ba za ka iya riƙe hannu ba alamar toshewa ce. Riƙa duba duron, ruwa yana raguwa, kuma yana ɗumama yana baƙi da man hayaƙi. Kashe injin, zubar, cika sabo, maimaita. Yi aikin a fili, ba cikin shago ba, hayaƙin inji a rufaffen wuri yana kisa.

In kana da robar nan mai kama da abin sa wa a kunne, wadda ake maƙalawa kan ramukan zuƙar ruwa a haɗa da tiyo, ta fi duro tsabta, tunda sabon ruwa ke shiga koyaushe. Buɗe ruwa kafin ka tayar, kashe inji kafin ka rufe ruwa. Wasu sababbin injina masu fo-sitirok suna da bakin haɗa tiyo a jikinsu. Wannan ana amfani da shi ne injin yana kashe.

Ruwa zalla yana narkar da gishiri, amma ba ya narkar da ɓawon da ya daɗe. Don ka san halin da cikin yake, bari injin ya huce, ka buɗe murfin tamostat a kan silinda. Abin da na saba gani shi ne wani farin abu mai ratsin toka, ya cika lungun ya kama tamostat ɗin, in ka taɓa da sukundireba sama-sama yana marmashewa, can ƙasa kuma ya yi tauri. In ka ga haka, sauran hanyoyin ma haka suke. Kankare abin da hannu ya kai, da hankali, kada ka karce fuskar da gasket ke zama. Jiƙa tamostat a ruwan khal rabin awa, ka wanke, sannan ka gwada shi a ruwan zafi; ya kamata ya buɗe tun ruwan bai tafasa ba, ya rufe in ya huce. In bai motsa ba, sayi sabo. Wasu makanikai kan jefar da shi su ce ƙasarmu da zafi. Ban yarda da wannan ba. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai, yana baƙanta fulogi, kuma a wasu injinan rashin tamostat yana sauya yadda ruwa ke zagayawa.

Don wanke ɓawon ciki, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce wadda injin ke kashe. Sauke ƙafar injin, tunda dama za ka canza imfela. Cire tamostat ka mayar da murfin. Haɗa ƙaramin tiyo a bakin bututun ruwan da ya leƙo daga sama, ka sa baho a ƙasa, ka yi amfani da ƙaramin famfo mai aiki da batir ya riƙa ɗaukar ruwan tsami daga bahon yana turawa sama yana dawowa. Ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ko garin tsami cokali uku na cin abinci a kowace lita ta ruwan ɗumi. Bar shi ya zagaya kamar awa ɗaya. Za ka ga ruwan ya yi fari-fari da gari a gindin baho. In ba famfo, ɗaga jarka sama da injin, ka bar ruwan ya gangaro ta tiyo ta bakin tamostat, kana tara kana mayarwa. Bayan nan ka tura ruwan daɗi mai yawa, aƙalla bokiti biyar. Kada tsami ya kwana a cikin inji, domin bayan ya gama da ɓawo alminiyon zai koma wa.

Wajen sa sabuwar imfela, shafa mata ɗan sabulun ruwa, ka juya sandar yadda agogo ke tafiya kana danna murfin, fukafukan su kwanta ta fuska ɗaya. Kada ka manta ƙaramin makullin da ke riƙe ta a jikin sanda. In wannan ne karonka na farko, kira wanda ya taɓa yi ya tsaya a kanka, musamman wajen haɗa sandar giya.

5. Notin da ya ƙi kwancewa

Za ka gamu da shi, babu makawa. Notin baƙin ƙarfe ne ko silba a cikin alminiyon, kuma in ruwan gishiri ya shiga tsakanin ƙarfe iri biyu, ɗaya yana cin ɗaya, farin garin da ke fitowa ya cika zaren ya kama shi gam. In ka sa ƙarfi, kan notin zai guntule ya bar maka gindin a ciki, aikin minti biyar ya koma na kwana biyu wajen mai walda.

Fesa mai, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ɗan bubbuga kan notin da ƙaramar guduma. Sa soket mai kusurwa shida da ya zauna daidai, ka ɗan ɗaure kaɗan, sannan ka sassauta kaɗan, gaba da baya, kana ƙara mai. In ya ƙi, zuba tafasasshen ruwa a kan alminiyon da ke kewaye da shi, yana buɗewa da zafi fiye da ƙarfen notin. Wuta ita ce dabara ta ƙarshe, kuma sai an cire tiyon fetur da kafireto an nisantar da tanki. Duk notin da ya fito, goge zarensa da burushi, ka shafa giris kafin ka mayar.

6. Farfela, man giya da anod

Tunda farfela tana waje, duba bayan inda take zama. Zaren kamun kifi yakan naɗe a wurin ya yanka sil, ruwa ya shiga giya. Cire shi, wanke sandar, shafa giris.

Sa kwano a ƙasa, kwance notin man giya na ƙasa, sannan na sama. Kalli abin da ya fito. Mai baƙi ko ruwan zuma lafiya. Mai fari-fari mai kauri yana nufin ruwa ya shiga, kuma in na teku ne, yana cin boris tun tuni. Sai an canza sil. Sabon mai ta ramin ƙasa ake tura shi har ya fito ta na sama, a rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa da sauri, da sabuwar wasa.

A jikin ƙafar da maƙalar inji akwai wasu guntayen ƙarfe marasa fenti da ake kira anod. An sa su ne don su ruɓe a madadin injin. In rabinsu ya cinye, canza. In sun yi ɓawo, goge su da samfefa har su yi haske, kuma kada ka shafa musu fenti ko giris a fuska. Na tutiya don ruwan gishiri aka yi su. A ruwan daɗi irin namu sukan yi rufi su daina aiki, na maganiziyom ne suka fi dacewa, na alminiyon kuma suna yi a duka biyun. In za ka jiƙa wani sashe a tsami, cire anod ɗin tukuna.

7. Ƙarƙashin murfi da wayoyi

Cire murfin inji. Toshe bakin kafireto da leda. Da tsumma mai laima da burushin haƙori ka bi jikin injin, ba da tiyo ba. In gishirin ya yi yawa, yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan, ka guji kwayil da mahaɗar wayoyi, ka bar shi ya bushe sarai. Buɗe kowace mahaɗa: in ka ga kore, gishiri ya kai ga jan ƙarfen. Goge da burushi, in kuma koren ya bi cikin wayar har ta yi baƙi, yanke zuwa inda take ja, ka sa sabon kai. Kan batir ka wanke da bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwa, kada ya shiga cikin batirin, ka share, ka shafa basilin. Daga nan ka yi wa jikin injin feshin mai sama-sama, ban da bel in yana da shi, ka cusa giris a duk kan nonon giris na maƙala da sitiyari har tsohon ya fito.

Tsohon fetur da ya zo a tanki zubar da shi a jarka daban, ka duba ko akwai ruwa a gindinsa. Kwance notin ƙasan kafireto ka tsiyaye shi ma.

In za ka ajiye injin, bar shi a tsaye ruwan ciki ya tsiyaye. In dole ka kwantar, kansa ya fi ƙafarsa tudu, in ba haka ba ruwa zai bi hanyar hayaƙi ya shiga silinda.

8. Tirela da ƙananan kaya

Tirelar da aka riƙa tsomawa a teku daga ciki take ruɓewa. Zura tiyo cikin kowane bututun ƙarfenta, wanke sifirin ganye-ganye, buɗe boris ka canza giris. Igiyoyin da ka jiƙa ka canza musu ruwa sau biyu, ka shanya a inuwa. Igiyar da gishiri ya bushe a cikinta tana tauri tana cin kanta. Rigunan kariya ma a inuwa, kuma ka gwada zif da maɗauri, don su ne gishiri ke fara kamawa.

9. Gwaji

Bari jirgin ya bushe kwana ɗaya, akwatuna a buɗe, magudana a buɗe. Sannan ka jiƙa baƙin tsumma da ruwan sama ko na leda, ka goga a lungu uku ko huɗu, ka shanya. In ya bushe da farin zane, koma mataki na uku a wannan wurin. Kada ka gwada da harshe, saboda fentin da na ambata. In kana da aboki mai kiwon kifi ko mai gidan ruwan leda, ari ɗan abin da suke auna narkakken gishirin ruwa da shi: auna ruwan kafin ka zuba a cikin jirgi, ka auna wanda ya fito ta magudana. In lambobin sun yi kusa, ka gama. Fayiba in ta bushe ka shafa mata man goge mota, yana toshe ƙananan ramukan fenti.

Ranar farko a dam kada ka ɗauki fasinja ko kaya. Sa rigar kariya, tafi da filafili da mutum ɗaya, ka yi ta zagaye kusa da gaɓa. Fara a hankali minti goma, sannan ka ƙara wuta, idonka na kan fitsarin inji. Ɓawon da tsami ya sassauta yakan ɓalle a wannan lokacin ya toshe ramin, don haka ka riƙe siririyar wayarka a aljihu. In fitsarin ya yanke ko ya koma tururi, kashe injin, ka tuƙa da filafili zuwa gaɓa. Bayan mako ɗaya ka sake duba man giya, ka kuma buɗe murfin tamostat ka ga ko wani sabon ɓawo ya taru. In da rani aka kawo jirgin, sake bin notuna da mahaɗar wayoyi bayan ruwan farko na damina; duk inda farin gari ko kore ya fito, wanke wurin da ruwan ɗumi, ka busar, ka shafa giris.